Bangon Ɗakin Ziyara

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata da ban taɓa gani ba, wadda aka ce ta ɗauko goshina. Allah ya ba ta haƙuri, goshin nan ni ma da ƙyar nake ɗaukarsa. Idan kin tambayi lafiyata, ina nan kalau. Na ƙi yin ƙiba ne kawai don kada a ce gidan yari ya karɓe ni.

Shekara shida ke nan ina rubuto miki ba amsa. Ba gori nake yi ba. Mutumin da ya tsaya a aji biyar, ko bango yake wa rubutu ai riba ce, hannu yana motsawa.

Ga labari. An kawo mana wata jami'ar gyaran hali, muna ce mata Malama Mai Tabarau. Kowace Talata tana tara mu mu goma sha biyu a wani ɗaki da a da ake ajiye katifu, har yanzu warinsu bai fita ba. Mu zauna a da'ira kamar masu jiran a raba gado. Tambayarta ɗaya ce: ina abin ya faro? Ba ranar da aka kama ka ba, ranar da ka fara karkacewa. Kwandasta, abokin ɗakina, ya ce yunwa ce. Wani ya ce abokai, wani ya ce ƙwaya. Wani dattijo ya ce fushin minti ɗaya ne ya cinye masa shekara ashirin.

Da aka zo kaina sai na gyara zama na ba su labarin hatimi. Kin san shi. Yadda ni, mai rubuta allunan shaguna, na ɗauki dunduniyar tsohon takalmi da reza na sassaƙa hatimin ofishin da ke duba lafiyar motoci, direbobi suna zuwa ina buga musu takardar cewa motarsu garau take. Da yadda aka gano ni: hatimin gaskiya gefensa a guntule yake, tambarin ciki kuma ya karkace, nawa kuwa tsaf kamar wata daren sha huɗu. Jami'in ya duba ya sake dubawa, ya ce tun da aka kafa ofishinsu ba su taɓa yin aiki mai kyau haka ba. Na ce musu ni ne mutum na farko da aka ɗaure saboda ya iya aiki.

Uwata, ɗakin ya kife da dariya. Har gandiroban da ke bakin ƙofa sai da ya riƙe ciki. Malama kaɗai ce ba ta dara ba. Ta cire tabarau, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce in sake ba da labarin nan Talata mai zuwa, da wadda ke bayanta, har ranar da zan ba da shi ba wanda ya yi dariya. Na ce mata hali zanen dutse ne. Ta ce ta ji, amma ni da nake fenta na fi kowa sanin ana iya sake shafe bango.

Ashe da biyu ta faɗa. Washegari aka ba ni burushi da gwangwanin fenti huɗu aka ce in gyara bangon ɗakin ziyara.

Yanzu ga abin da ya sa na tsawaita. Nan da wata uku za a yi abin da suke kira zaman iyali. Wanda wani nasa ya zo ya zauna da shi a gaban kwamiti, ana iya yafe masa abin da ya rage. Ni saura shekara ɗaya. Ba ni da kowa sai ke tun da mahaifiyarki ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son fita. Amma ko ba a yafe mini kwana ɗaya ba, ina son in ga yadda fuskarki ta zama.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini goshin nan.

Naki,
Babanki, Fenta


Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, tare da fatan gida lafiya, aiki lafiya, ƙaramar kuma tana cin abinci ba ta bin halin kakanta na surutu a kan kwano. Ni lafiya lau, sai fenti da ya shiga ƙarƙashin farce ya ƙi fita, kuma na fi son sa a can.

Bari in ba ki labarin bango. Ɗakin ziyara dogo ne, benci biyu suna fuskantar juna, taga ɗaya ce can sama kusa da rufi. Da hantsi haske yana saukowa ta tagar nan ya kwanta a bango, ya yi ta rarrafe a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi, kafin la'asar ya kai ƙarshen ɗaki ya haura ya tafi abinsa. An ce in shafa fari kawai. Na shafa. Amma da na ga farin nan shimfiɗe, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ja layi biyu daga ƙasa, suka yi ta matsowa kusa da juna har suka haɗe a can nesa. Sai ga hanya. Babban gandiroba ya zo zai yi faɗa, ya tsaya ya daɗe yana kallo, daga ƙarshe ya ce in sa bishiya a hannun dama don masu tafiya su sami inuwa.

Tun daga nan ban huta ba. Kowa ya zo shara ko kawo ruwa sai ya raɓe kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce in sa masa gidansu a bakin hanyar. Kwandasta ya ce nasu akwai tulu a ƙofa da igiyar shanya, kuma lallai in rataya jar riga a kai, ta ƙanwarsa ce. Dattijon nan mai shekara ashirin bai nemi gida ba. Ya ce in zana masa kujera ɗaya a ƙarƙashin bishiyar, ba kowa a kai. Yanzu gari guda ne a bangon, mutanen da ba su taɓa haɗa unguwa ba duk sun zama maƙwabta. Wani lokaci warin fenti da zafin rana sukan sa in yi gyangyaɗi a kan tsani, sai in ga rigar nan tana kaɗawa, in ji ana zuba ruwa a tulun. Jiya na ga kamar wata yarinya ta taho daga can inda layukan suka haɗe, da littafi a ƙirjinta. Na jira ta iso. Ƙararrawar abinci ta riga ta.

Maganar Talata kuwa, na sha kaye sau uku. Na ɗaure fuska, suka ce fuskar ta fi labarin ban dariya. Na rage murya kamar mai ta'aziyya, Kwandasta ya faɗo daga kujera. Malama ta ce matsalata ita ce kullum daga takalmi nake farawa. Ta ce in koma baya.

Na koma, Uwata, har aji huɗu. Akwai ranar da na kwaikwayi sa hannun hedimasta a kan takardar wani yaro da ya yi fashin makaranta. Malamin ajinmu ya gane, amma maimakon bulala sai ya ɗaga takardar yana nuna wa sauran malamai, suna ta mamaki suna tafa mini. Ni da ban taɓa cin lissafi ba, ni da ake zaunar da ni a baya kusa da tsintsiya, ranar nan kowa ya san sunana. Na taka zuwa gida kamar ƙasa katifa ce. To kin ji. Wasu yunwar ciki ta kawo su nan, ni yunwar tafi ce. Duk direban da ya karɓi takarda ya ce kai Fenta, hannunka ba na mutane ba ne, wallahi wannan kalmar ta fi mini abin da yake miƙo mini daɗi.

Da na faɗi wannan, dariyar ta ragu, amma ba ta mutu ba, don na kasa haƙuri sai da na kwaikwayi tafiyar hedimasta. Malama ta ce an matso. Ta kuma ce akwai wadda ta amince ta zo ta gan ni, cikin mutanen da ke motar nan. Kin san motar da nake nufi. Ban taɓa rubuta ta a wasiƙa ba sai yau.

Na ce ta zo. Bakina ne ya faɗa, ni kaina ba a shawarce ni ba.

Naki har kullum,
Babanki


Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida gidanki. Ina fata kuna lafiya. Yau gaisuwar gajera ce, ki yi haƙuri, abin da ke bayanta yana turo ta.

Matar ta zo ranar Alhamis. Tela ce, ko in ce a da tela ce. Tana cikin bas ɗin da birkinsa ya ƙi kamawa a gangare, bas ɗin da takardarsa ta ce garau yake, da hatimina mai kyau kamar wata a ƙasanta. Ba wanda ya mutu, shi ne abin da na yi shekara shida ina lulluɓa da shi. Ita ta bar ƙafarta ta dama a wurin.

Aka zaunar da mu a ɗakin ziyara, Malama a gefe. Ta jingina sandunanta a jikin bangona, daidai kan hanyar. Na shirya kalamai tun kwana uku, duk suka gudu suka bar ni. Ita ce ta yi magana, a hankali, kamar mai ba da labarin wata. Ta ce da ƙafar nan take taka keken ɗinki shekara goma sha bakwai. Ta gwada da ta hagu, ɗinkin ya riƙa fita a karkace, masu kaya suka watse. Ta ce abin mamaki, har yanzu idan ta zauna shiru da rana takan ji ƙafar da babu tana taka keke, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har ta ji ƙarar allura. Wani lokaci takan bar ta ta gama rigar kafin ta tashi.

Ba ta zage ni ba. Da ta zaga da na sami abin riƙewa. Ta ce tambaya ɗaya ta kawo ta. A kotu an nuna mata takardar, ta ga hatimin, amma abin da ya tsaya mata a rai shi ne rubutun da aka cike lambar mota da kwanan wata da shi. Ta ce ita mai aikin hannu ce, ta san hannu. Wannan rubutu ƙanana ne, a tsanake, irin na mai son a yaba mata. Sai ta dube ni ta ce:

"Yarinyar da ta rubuta, tana lafiya?"

Uwata, ban san amsar ba. Wannan shi ne abin da ya karya ni, ban san amsar ba.

Shekara shida ina ba da labarin hatimi, kuma ba ki taɓa fitowa a cikinsa ba. Na cire ki kamar yadda nake goge harafin da ya ɓaci a allo. To yau zan mayar da ke. Kina da shekara goma sha bakwai. Kina dawowa daga makaranta ki zauna a kan gwangwanin fenti a shagona. Rubutuna na allo ne, manya-manya, bai yi kama da na ofis ba, naki kuwa ya yi. Na ce miki takardun gwaji ne, ki cike don hannunki ya saba kafin ki shiga makarantar jinya. Ina ba ki dariya kina rubutawa. Kina gamawa ki ɗaga mini in gani, ni kuma in tafa miki. Abin da aka yi mini a aji huɗu shi na yi miki, sai dai ni na san abin da nake yi.

Kwana biyu kika yi a hannun 'yan sanda kafin su yarda ba ki san komai ba. A can aka nuna miki hoton bas ɗin da rubutunki a gefe. Gurbin makarantar ya wuce ki. Ni kuma a kotu, da alƙali ya tambaye ni ko ina da abin cewa, na ba shi labarin dunduniyar takalmi, mutane suka yi dariya, na waiwaya ina neman fuskarki don in ga ko kin dara. Na ga bayanki kina fita.

Talatar nan na ba da labarin. Na fara daga gwangwanin fenti da yarinya a kai, na bi ta gangaren, na ƙare da ƙafar da ke taka keken da babu. Hatimin ma na manta ban ambace shi ba. Da na yi shiru, ba a ji komai ba sai tsuntsu a kan rufi. Kwandasta yana kallon tafin hannunsa. Malama ba ta ce na ci ba, ta dai zuba ruwa a kofi ta miƙo mini.

Na cuce ki, Uwata. Ba kuskure ba ne, cuta ce. Ina neman gafararki, kuma ba dole.

Maganar zaman iyali, ki ajiye ta. Na taɓa sa hannunki a takarda don amfanin kaina, ba zan sake ba.

Babanki


Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina sanar da ke an yi zaman iyali jiya. Na ce kada ki zo, kuma kin yi biyayya, wanda ke nuna tarbiyyar mahaifiyarki ce ta yi tasiri ba tawa ba.

Duk da haka na yi aski, na ari rigar Kwandasta mai maɓalli. Zuciya ba ta karanta wasiƙun da hannu ke rubutawa. Na zauna a ƙarshen benci ina kallon mutane suna nuna wa iyalansu gidajensu a bango. Ƙanwar Kwandasta ta ga jar rigarta ta rufe baki da hannu. Hasken tagar ya yi rarrafensa daga wannan gefe zuwa wancan, ni da shi muka ƙare zaman. Kwamiti ya ce in cika shekarata. Ban ji haushi ba, na ji dai kamar an sauke ni a tashar da na sani.

Da kowa ya watse na lura gida ɗaya ne babu a garin nan. Na roƙi gandiroba minti talatin, na zana namu a can ƙarshen hanya, ƙarami, inda sai an matso ake ganinsa. Da tagar ɗakinki, da dakalin da mahaifiyarki ke zama, da ƙofa.

Telar ta aiko a tambaye ni ko zan rubuta mata allo, za ta fara koyar da yanka da awo tunda wannan ba ya son ƙafa. Na fara. Ban taɓa jin tsoron harafi irin na wannan allo ba.

Naki,
Baba


Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kun isa gida lafiya, ƙaramar ba ta yi rigima a mota ba. Na san kina wurin, kin ga komai da idonki, amma ki bar ni in ba ki labarin ranar Asabar. Idan ban ba wani ba zan fashe, kuma Kwandasta ya ce idan na sake ba shi zai nemi a canja masa ɗaki.

Ina kan tsani ina gyara reshen bishiya aka ce Fenta kana da baƙi. Na ce a duba dai, wataƙila wani Fentan ne. Sai na waiwaya. Kin san sau nawa na ga yarinyar nan tana tahowa daga ƙarshen hanya ƙararrawa tana kore ta? Shi ya sa na tsaya a kan tsanin ban motsa ba, ina jira a buga. Ba a buga ba. Kuma wannan ba littafi ne a ƙirjinta ba, 'yar jikata ce, goshina ne sak, da ɗan kunne.

Ba ranar kwamiti ba ce, ba takardar da za a sa wa hannu, ba abin da zuwanki zai rage mini. Na gane, Uwata. Aji biyar na tsaya amma wannan na karanta shi.

Kin zauna, na zauna. Na lura kin rame kaɗan, kuma kina riƙe jaka da hannu biyu kamar mahaifiyarki. Kin ce kina aiki a kantin magani, kina karatun jinyar da yamma, saura shekara biyu. Kin ce shekara uku kika yi ba ki iya riƙe biro ba. Kin faɗe shi ba ki kawar da ido ba, ni ma ban kawar ba. Barkwanci uku suka zo mini har bakin leɓe, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, sun fi ƙwayar zazzaɓi ɗaci. Kin ce ba ki yafe ba tukuna. Na ce to. Kin ce wasiƙar da na ba ki labarin telar ce kawai kika karanta har ƙarshe, sauran na shekarun baya kina tsayawa a barkwancin farko. Na ce ai kin yi ƙoƙari, ni ma da na tsaya a nan da ban zo gidan nan ba. Wannan ya kuɓuce mini ne, kuma na ga gefen bakinki ya motsa, kada ki musa.

Ƙaramar kuwa ba ruwanta da mu. Ta sauka ta bi hanyar da yatsa, gida gida, tana gaida mutanen da ban zana ba. Ta tsaya a kujerar dattijo ta ce akwai mai barci a kai. Da ta kai ƙarshe kika tashi ɗauko ta, sai kika sunkuya, kika daɗe a sunkuye. Kika ɗago kika ce:

"Baba, ƙofarmu koriya ce. Ka sa shuɗiya."

Na ce shekara shida ce, launi yana gudu daga kai. Kika saɓa 'yarki a kafaɗa, kika ce in gyara, za ki zo ki duba.

To ga matsalar da nake ciki. A gwangwanaye huɗun da aka ba ni babu kore. Amma uban naki fenta ne. Tun jiya nake haɗa shuɗi da rawaya a murfin gwangwani, na fitar da kore har kala bakwai, kuma na rasa wanne ne namu. Akwai mai duhu kamar ganyen da ya sha ruwa, akwai mai haske kamar wanda rana ta ci. Na shafa su a jere a gefen wannan takarda, ki duba ƙasa. Ba sai kin rubuta komai ba, na san abin da biro ya yi miki a hannuna. Ki riƙe takardar kawai, ranar da kika zo ki ɗora yatsa a kan na gaskiyar.

Ƙofar tana nan shuɗiya har sai kin zo.

Ki gaida maigidan da kyau, ki ce na gode da ya kawo ku. Ki shafa mini goshin nan, yanzu na san inda yake.

Naki,
Babanki, Fenta